Jijiyoyin jini: yadda ginin kowace jijiya ya dace da aikin da take yi

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu a likita aka ɗaura masa abin awon tansiyo ya ji an faɗi lambobi biyu: 12/8, ko 14/9, ko 16/10. Da yawa kan koma gida da lambobin a takarda ba tare da sun san abin da aka auna ba. Abin da aka auna shi ne ƙarfin da jini yake danna bangon jijiyoyin da yake bi. Shi kuwa wannan bango ba iri ɗaya ba ne a ko'ina cikin jiki. Akwai inda yake da kauri da ƙwari, akwai inda bai kai fatar albasa kauri ba, kuma kowane gini da dalilinsa. Wanda ya fahimci dalilin zai gane abin da ya sa hawan jini ke kawo shanyewar ɓarin jiki, da abin da ke kumbura ƙafa bayan doguwar tafiya a mota, da kuma abin da ke tayar wa mai amosanin jini da ciwo a lokacin sanyi.

A Hausa kalmar jijiya tana ɗauke da abubuwa uku: hanyar da jini ke bi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin su agara, da zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wannan bayani ya shafi ta farko kaɗai.

Zagayen jini a taƙaice

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan yana zaune a natse, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, kowane bugu kuma yana tura kusan mililita 70. Ke nan a cikin minti ɗaya kusan dukan jinin jiki ya ratsa ta zuciya. A yini da dare lissafin yakan haura lita 7000, wajen ganguna 35 masu cin lita 200.

Jinin yana bin hanyoyi iri uku. Na farko su ne jijiyoyin kai jini, waɗanda takardun likita ke kira arter: suna ɗaukar jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi. Na biyu su ne siraran jijiyoyi, wato kapiler, inda jini ke sauke abinci da iskar oksijen ya kuma kwashi dattin jiki. Na uku su ne jijiyoyin mayar da jini, wato ben, masu dawo da shi zuciya.

Zagayen kuma kashi biyu ne. Ɓangaren dama na zuciya yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo oksijen ya dawo. Ɓangaren hagu yana karɓar wannan jini ya tura shi ga sauran jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har zuwa yatsun ƙafa. Manomin da ya san tsarin ban ruwa na Jiratawa ko na Ƙonni zai gane fasalin nan take: akwai babbar hanyar ruwa, akwai rassa masu ƙofofin buɗewa da rufewa, akwai ƴan lambatu da ke shiga tsakanin shuka. Bambancin shi ne a jikin mutum ruwan ba ya ƙarewa a gona, dole ne ya koma inda ya fito.

Bango mai hawa uku

Jijiyoyin kai jini da na mayar da jini duka suna da bango mai hawa uku. Hawa na ciki shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta jeri ɗaya tak, mai santsi, wadda jini ke gogawa. Hawa na tsakiya tsoka ce da zaruruwa masu talewa kamar roba, sun naɗe jijiyar kamar zobe. Hawa na waje riga ce ta zare mai ƙarfi da ke hana jijiyar yagewa, tana kuma ɗaure ta da naman da ke kewaye. Abin da ya bambanta wata jijiya da wata shi ne kaurin kowane hawa, musamman na tsakiya.

An daɗe ana ɗaukar shimfiɗar ciki a matsayin shafe kawai. A 1980 wani masani ɗan Amurka, Robert Furchgott, ya nuna cewa tana fitar da wani sinadari da ke sa tsokar bango ta saki. Daga baya aka gane cewa sinadarin wata iska ce mai suna nitirik okisid, kuma a kan wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 1998 tare da Louis Ignarro da Ferid Murad. Shimfiɗar ce kuma ke hana jini daskarewa yana cikin tafiya. Da zarar ta karce, ƙwayoyin daskarar da jini sukan taru a wurin. Idan rauni ne aka ji, wannan taruwa ita ce ke tsayar da zubar jini. Idan kuwa cuta ce ta karce shimfiɗar daga ciki, taruwar na iya toshe hanya.

Jijiyoyin kai jini: an gina su don jure matsi

Mafi girmansu ita ce awort, wadda ke fitowa daga ɓangaren hagu na zuciya. Faɗinta ya kai santimita 2 da rabi zuwa 3, kusan kaurin babban yatsa. Tana lanƙwasawa a saman ƙirji, ta gangara ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu a daidai cibiya zuwa ƙafafu.

Zuciya ba ta zuba jini a jere kamar famfon gida, tura shi take yi bugu-bugu. Da a ce awort bututun ƙarfe ce, da jini ya riƙa isa ga gaɓoɓi da ƙarfi sannan ya tsaya cak kafin bugu na gaba. Zaruruwan roba da ke cike da bangonta su ne ke magance wannan. Idan zuciya ta matse, bangon ya tale ya karɓi jinin. Idan ta saki, bangon ya koma yadda yake, ya ci gaba da tura jinin gaba. Saboda haka jini ba ya daina gudana ko a tsakanin bugu biyu.

Daga nan lambobin awon tansiyo suka samo asali. Lamba ta sama ita ce matsin da ke cikin jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma matsin da ya rage lokacin da ta saki. A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, an saba faɗin su da santimitar zaiba, 12/8. A Najeriya da kuma a fuskar na'urorin zamani ana rubuta su da milimita, 120/80. Awo ɗaya ne, kada mai karatu ya tsorata idan ya ga sifili ya ƙaru.

Bugun da ake ji a wuyan hannu ko a gefen maƙogwaro shi ne wannan talewar bango, tana gudu a kan jijiya da saurin mita da dama a daƙiƙa guda. Yawancin jijiyoyin kai jini a ɓoye suke can cikin nama, kusa da ƙashi, inda wuƙa ko ƙaya ba sa saurin kai musu. Hikimar a bayyane take, domin idan irin wannan jijiya ta yanke, jini tsartuwa yake yi.

Ranar layya mai fiɗa na iya ganin bambancin da idonsa. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyar rago fara-fara ce, mai kauri, bakinta a buɗe, idan an ja ta kuma sai ta koma. Ta kusa da ita, mai dawo da jini, laɓe-laɓe take, da jini ya fita sai ta lanƙwame. Mutanen Girka na dā sun riƙa tarar da jijiyoyin kai jini babu komai a jikin gawa, har wasunsu suka zaci iska ce ke bi ta ciki.

Ƙananan rassa masu rabon jini

Yayin da jijiyar kai jini ke nisa da zuciya tana rarrabuwa, robar bangonta na raguwa, tsoka na ƙaruwa. A ƙarshe ana samun ƴan rassa da ido ba ya iya gani sosai, amma bangonsu kusan duk tsoka ne. Su ne makullan ban ruwa na jiki. Idan tsokar ta matse hanya ta ƙuntata, idan ta saki hanya ta buɗe, kuma duk wannan yana faruwa ba da sanin mutum ba.

Wani likita ɗan Faransa, Jean Poiseuille, ya yi gwaje-gwaje da siraran bututun gilashi a shekarun 1840, ya gano cewa ƙaramin canji a faɗin bututu yana kawo babban canji a yawan ruwan da ke wucewa. Idan faɗin ya ragu da rabi, ruwan da zai wuce ba rabi ba ne, kashi 1 ne cikin 16. Wannan ƙa'ida ce ke ba jiki damar karkatar da jini inda ake bukatarsa cikin daƙiƙoƙi. Bayan cin tuwo, rassan hanji su buɗe. Idan mutum ya kama noma ko gudu, rassan tsoka su buɗe, na hanji su tsuke, zuciya kuma ta ninka aikinta har ta kai lita 20 ko fiye a minti.

Haka abin yake da zafi da sanyi. A bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Yamai, rassan fata sukan buɗe don jini ya kawo zafin ciki waje, zufa ta kwashe shi. Jinin da ya tafi fata ya ragu ke nan a wasu wurare. Idan mutum bai sha ruwa ba kuma ya daɗe tsaye a rana, matsi na faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini, jiri ya kwashe shi. A hunturu akasin haka ne: rassan fata su tsuke don adana ɗumi, hannuwa su yi sanyi, tansiyo kuma yakan ɗan ƙaru.

Tun da a waɗannan rassa ne jini ke cin karo da mafi yawan turjiya, su ne ke da babban tasiri a kan tansiyo. Shi ya sa wasu daga cikin magungunan hawan jini aikinsu kawai sa tsokar waɗannan rassa ta saki.

Siraran jijiyoyi: inda ake ciniki

Duk wannan tafiya an yi ta ne domin jini ya iso siraran jijiyoyi. Faɗin kowace bai wuce mikoron 5 zuwa 10 ba, shi kuwa mikoron kashi 1 ne cikin 1000 na milimita. Silin gashin kai ya ninka ta kauri kusan sau goma. Jar ƙwayar jini tana da faɗin mikoron 7 zuwa 8, don haka ƙwayoyin sukan wuce ne a layi, ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai sun lanƙwasa jikinsu.

A nan babu hawa uku. Bangon shimfiɗar ciki ce kaɗai, ƙwayar halitta jeri ɗaya. Babu tsoka, babu roba, domin duk abin da ya ƙara kauri zai rage saurin musaya. Oksijen da sukari da sauran abinci suna ratsa bangon su shiga nama, iskar kabon da dattin aiki kuma su ratso su shiga jini.

Jini yana gudu a awort da saurin santimita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, amma a siraran jijiyoyi ba ya kai milimita 1. Dalili shi ne yawansu. Idan aka haɗa faɗinsu gaba ɗaya ya ninka na awort sau ɗaruruwa. Ruwan gulbi ma haka yake: yana gudu inda gaɓa ta matse shi, ya lafa inda ya bazu a fadama. Wannan lafawa ita ce ke ba jini lokacin sauke kaya da ɗaukar wasu.

Ginin bangon ma yana bin bukatar kowace gaɓa. A ƙwaƙwalwa ƙwayoyin bango sun manne da juna ƙam, suna tace abin da zai shiga, abin da ke kare ta daga guba iri-iri, yake kuma hana wasu magunguna isa gare ta. A ƙoda da hanji bangon yana da ƴan tagogi kamar rariya. Ƙodoji biyu suna tace ruwa kusan lita 180 a yini ta irin waɗannan tagogi, su mayar da kusan dukansa cikin jini, lita 1 da rabi kawai ke fita a matsayin fitsari. A hanta da saifa da ɓargon ƙashi kuwa giɓin da ke bangon yana da faɗi, har manyan sinadarai na iya ratsawa, a saifa da ɓargo ma har da ƙwayoyin jini sukutum.

Ba dukan siraran jijiyoyi ne ke cike da jini a lokaci guda ba. Masanin ƙasar Danmak August Krogh ya nuna cewa jinin da ke ratsa su a cikin tsoka yana ƙaruwa gwargwadon aikin da tsokar ke yi, kuma ya sami lambar Nobel a 1920. Akwai kuma sassan da babu jijiyar jini ko ɗaya, kamar guringuntsin gaɓoɓi da tantanin gaban ido mai haske. Shi ya sa guringuntsi ke da wuyar warkewa idan ya lalace.

Wani ruwa kaɗan yana tsattsafowa daga siraran jijiyoyi ya shiga nama. Furotin da ke cikin jini, musamman albumin da hanta ke yi, yana riƙe ruwa kada ya fita da yawa, ragowar kuma wasu hanyoyi na daban, hanyoyin ruwan jiki, su kwashe su mayar cikin jini a gindin wuya. Idan wannan daidaito ya ɓaci sai kumburi ya bayyana. Ana ganinsa ga mai ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya, da yaron da tamowa ta yi wa tsanani, da kuma mai tundurmi, wanda tsutsa ta lalata masa hanyoyin kwashe ruwan.

Jijiyoyin mayar da jini: hawan tudu ba tare da matsi ba

Kafin jini ya fito daga siraran jijiyoyi, ƙarfin turin zuciya ya kusa ƙarewa. A manyan jijiyoyi biyu da ke shiga ɓangaren dama na zuciya matsin ya kusa sifili. Saboda haka jijiyoyin mayar da jini ba sa bukatar bango mai kauri. Bangonsu siriri ne, tsoka kaɗan, amma cikinsu yana da faɗi don jini ya wuce ba tare da turjiya ba. Suna kuma buɗewa kamar salka, har kusan kashi 2 cikin 3 na jinin jiki a cikinsu yake a kowane lokaci. Rumbu ne: idan mutum ya zubar da jini, sukan tsuke su tura abin da suka ajiye zuwa zuciya.

Wannan ne ya sa ma'aikacin jinya ke neman irin wannan jijiya idan zai ɗebi jini ko ya sa ƙarin ruwa. Tana kusa da fata, allura na shiga da sauƙi, kuma da an danna auduga jini ya tsaya. Launin shuɗi ko kore da take nunawa ga mai hasken fata aikin haske ne a kan fata. Jinin da ke ciki ja ne, sai dai ya fi na jijiyar kai jini duhu.

Babbar matsalar ita ce ƙafa. Daga idon sawu zuwa zuciya ya haura mita guda, kuma hawa ne. Abubuwa uku ke taimakawa. Na farko, a cikin jijiyoyin hannu da ƙafa akwai ƴan ƙyamare masu kama da aljihu biyu suna fuskantar juna. Jini mai hawa yana ture su ya wuce, idan ya nemi komawa ƙasa sai aljihun su cika su rufe hanya. Na biyu, manyan jijiyoyin ƙafa suna ratsa tsakiyar tsoka, musamman ta sha-raɓa. Duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiya, ƙyamaren kuma su tilasta wa jinin yin sama. Na uku, duk lokacin da aka ja numfashi matsin cikin ƙirji yana raguwa, sai ya zuƙo jini daga ciki.

Mai karatu na iya gwada ƙyamaren da kansa. Ya sauke hannu har jijiyoyin bayansa su fito. Ya danne wata da yatsa ɗaya, ya sa wani yatsan ya share jinin zuwa sama wajen gwiwar hannu, sannan ya ɗage yatsa na biyu. Wani yanki na jijiyar zai zauna a lanƙwame, domin ƙyaure ya hana jini dawowa. Da ya ɗage yatsa na farko sai ta cika daga ƙasa.

Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, suna fama da wannan matsala fiye da mutum. Tansiyonsu ya kai ninki biyu na namu don jini ya hau dogon wuya, fatar ƙafafunsu kuma a ɗame take, tana hana jini da ruwa taruwa a ƙasa. Aikin da safar matse ƙafa ke yi wa majinyaci ke nan.

Inda ƙa'idar ta sauya

Ana yawan cewa jijiyar kai jini ita ce mai ɗauke da jini mai oksijen. Ba ko'ina ba. Sunan yana bin inda jini ya dosa ne. Jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu tana ɗauke da jinin da oksijen ɗinsa ya ragu, guda huɗu da ke dawowa daga huhu kuwa su ne masu ɗauke da sabon jini. Matsin wannan zagaye kaɗan ne, wajen milimita 25/10, bangon kuma ya fi na awort siranta. A igiyar cibiyar jariri ma haka ne: jijiya ɗaya mai mayar da jini ce ke kawo masa oksijen daga mabiyiya, biyu kuma su fitar da wanda aka yi aiki da shi. Jinin da ya baro hanji shi ma ba ya zarcewa zuciya kai tsaye, sai ya biya ta hanta ta tace abin da aka ci.

Jijiya kuma tana iya sauya gini idan aikinta ya sauya. Ga mai wankin ƙoda, likitan fiɗa yakan haɗa jijiyar kai jini da ta mayarwa a hannu. Cikin makonni ta biyun sai ta yi faɗi, bangonta ya yi kauri, har ta iya jure allura sau da yawa a mako.

Yadda aka gano

Fiye da shekara 1000 likitoci suna bin ra'ayin Galen, likitan ƙarni na 2, cewa hanta ce ke ƙera jini gaɓoɓi su shanye, kuma yana ratsa bangon tsakiyar zuciya ta wasu ƙofofi. Ibnu Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ne ya rubuta cewa babu wata ƙofa a wannan bango, ta huhu jini ke bi. A 1603 Fabricius na jami'ar Paduwa a Italiya ya wallafa bayanin ƙyamaren jijiyoyi. Ɗalibinsa William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jini zagaye yake yi, sai dai bai ga mahaɗar hanyoyin biyu ba. Marcello Malpighi ne ya gan ta a 1661, da madubin ƙara girma, a huhun kwaɗo. Abin ɗaurawa a dantse don awon tansiyo ya fito daga hannun Riva-Rocci na Italiya a 1896, a 1905 kuma Korotkov na Rasha ya ƙara da sauraron ƙarar jijiya.

Idan ginin ya lalace

Hawan jini. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan awonsa ya kai 14/9 ko ya haura a ranaku biyu daban-daban. A cewarta manya fiye da miliyar 1 ke da shi a duniya, kusan rabinsu kuma ba su sani ba, domin yawanci ba ya ba da wata alama. Matsi mai yawa na shekaru yana kaurara bangon ƙananan rassa, ya ƙuntata su, ya raunana wasu. Idan jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, shi ne AVC, shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda da ido da zuciya su ma suna lalacewa a hankali. Ga mai juna biyu, hawan jini na iya kaiwa ga jijjiga, shi ya sa ake auna tansiyo a kowane awon ciki.

Taruwar kitse a bango. Inda shimfiɗar ciki ta lalace, kwalesterol yakan shiga ƙarƙashinta ya taru shekara da shekaru. Ranar da tarin ya tsage jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe. Idan a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya kanta ne, shi ne bugun zuciya mai kisa. Taba da shisha da ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu lalata shimfiɗar.

Ciwon suga. Sukari mai yawa a jini yana ɓata siraran jijiyoyin ido da ƙoda, yana kuma rage jinin da ke isa ƙafa tare da kashe jin zafi a tafin sawu. Daga nan gyambon da ba ya warkewa ke farawa.

Amosanin jini, wato sikila ko emasi. Jar ƙwayar jini dole ta lanƙwasa kafin ta wuce siririyar jijiya. Ta mai emasi takan sandare ta koma kamar lauje, ta maƙale. Naman da ke gaba ya rasa oksijen, ciwo mai tsanani ya tashi. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi suna ƙara haɗarin.

Zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar da ta fi yawa a yankinmu tana sa jajayen ƙwayoyin da ta shiga su manne da bangon ƙananan jijiyoyi. Idan a ƙwaƙwalwa abin ya faru, yaro na iya yin jijjiga ko ya fita hayyacinsa.

Rauni a ƙyamare da daskarewar jini. Idan ƙyamaren ƙafa suka saki, jini na taruwa, jijiyoyi su kumbura su murɗe a ƙarƙashin fata. An fi ganin haka ga masu daɗewa a tsaye da matan da suka yi haihuwa da yawa. Dogon zama kuma, kamar tafiyar kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Damagaram ko kwanciyar jinya, yana tsayar da famfon sha-raɓa, jini na iya daskarewa a jijiyar cikin ƙafa. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, rai na cikin haɗari.

Abin da ke hannun mutum

OMS ta ba da shawarar kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi. A lissafin a sa da dunƙulen miya da kilishi da kanwa, domin duka suna ɗauke da sinadarin sodiyom mai riƙe ruwa a jiki. Ta kuma ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. A bar taba. A doguwar tafiya a riƙa motsa idon sawu, a sauka a taka duk inda mota ta tsaya, a sha ruwa. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi, sai da shawarar likita.

Idan wani ya ji rauni jini na zuba, a danne wurin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, kada a ɗaga don dubawa, a nufi asibiti. Haka nan kada a jira gari ya waye idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya. Ko ƙirji ya ɗaure tare da zufa. Ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, balle in numfashi ya soma wuya. A irin waɗannan lokuta naman da jini ya daina isa gare shi yana mutuwa ne cikin mintoci da sa'o'i. Ga wanda yake jin lafiyarsa lau kuwa, awon tansiyo aƙalla sau ɗaya a shekara ya kamata, musamman daga shekara 40, kuma ana yin sa a likitar unguwa da wasu farmasi cikin ƴan mintoci.